Sheƙa a Aljihun Mai Lambu

A zamanin da, a wata ƙasa mai tsananin sanyi, an yi wani tsoho mai lambu. Kullum in yana haƙa, wata 'yar tsuntsuwa mai jan ƙirji takan sauka kusa da ƙafarsa tana tsintar tana.

Da gari ya fara ɗumi, tsohon ya rataye rigarsa ta sanyi a rumfa. Bayan mako biyu sanyi ya dawo. Ya je ɗaukar rigar, sai ya tarar tsuntsuwar ta yi sheƙa a aljihu, ga ƙwai biyar.

Matarsa ta ce, "Malam, rigar nan kaɗai gare ka. Cire sheƙar ka sa abarka."

Ya ce, "In na taɓa, za ta gudu ta bar su. Zan jure."

Ya jure kwana ɗaya, ya jure kwana goma, ya jure har tari ya kama shi.

Da wata ya cika, ran nan matar ta kawo masa shayi, sai ya nuna mata rumfar. 'Ya'yan tsuntsu biyar masu ɗige-ɗige suna fitowa daga aljihun, suna tashi ɗaya bayan ɗaya.

A hankali ta ce, "Ikon Allah."

Tana nan tsaye tana kallo, har shayin ya huce a hannunta.