Rijiyar Gidan Mai Batir

Rana ta faɗi, gidan ya yi tsit, sai ƙarar guduma daga bayan katanga, inda maigidan ke fasa tsofaffin baturan mota yana ciro dalma. Matarsa, da tsohon ciki, ta miƙa hannu za ta ɗebi ruwa a randa. Dutse ya faɗo daga sama, randar ta tarwatse.

Tun daga ranar, duk abin da aka cika daga rijiyar gidan ba ya kai magariba lafiya. Cikinta na uku ke nan. Na fari ya zube, na biyu ya zo bakwaini, ɗan mitsitsi, bai daɗe ba ya koma. Surukarta ta ce aljanu suka cinye su, ga shi sun dawo wa na uku.

Ranar da matar ta faɗi tana gurnani da muryar da ba tata ba, aka kira Malam. Ya daɗe yana karatu, sannan ya nemi ruwan da zai yi tofi. Mijin ya jawo daga rijiya, ya zuba a kofi.

"Ka kai kofin nan bakinta, in karya maka hannu," in ji muryar.

"Ke wace ce? Me 'ya'yan baiwar Allah suka yi miki?" in ji Malam.

"Ni kuke ɗora wa? Tun ba a haifi wannan mai ƙaton kan ba nake cikin rijiyar nan. Tambaye shi ina yake tuttular da ruwan batir."

Mijin ya sunkuyar da kai. "A rami, bayan ɗaki. Ai ina rufewa da ƙasa."

"Damina ta zo, ya tsiyayo mana. Nawa 'ya'yan ma na binne su. Ku kuwa ku tace da ƙyalle, ku tafasa, ya yi garau, ku ce lafiya lau. Dalma tana jin wuta ne?"

"Ƙarya take yi, Malam," in ji surukar.

"Rufe min baki, tsohuwa. Ke kika riƙa ɗura mata, wai mai ciki ta yawaita shan ruwa. Randa nawa na fasa muku? Kuka sayo wata."

Malam ya ce wa aljanar ta fita daga jikin matar.

"Zan fita, ba don tsoronka ba, gidana ne ya ruɓe. Amma sai mijin nan ya rantse zai cike rijiyar, ya kai ta asibiti a duba jininta."

"To da me za mu ci in na bar sana'ar?"

"Ban ce ka bari ba. Ka kai dafinka inda ba a sha."

Mijin ya ɗaga hannu, ya rantse. Matar ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Can ta buɗe ido, ta dafa cikinta. "Inna, ƙishirwa nake ji."

Malam ya kifar da kofin a ƙasa. Suka tsaya suna kallon juna, babu ko ɗigo ɗaya a gidan da za su iya ba ta.