Gwiwar Auta

Katanga na zaune a ƙofar ɗaki da takalmin ƙwallo a cinyarta, tana kwance ƙusoshin roba tana ɗaura na ƙarfe. A filin ƙwallo aka sa mata sunan nan, don 'yar baya ce, ba a wuce ta. Inna, mahaifiyarta, tana guga a gefe. Ta daɗe tana kallonta.

"Na ƙarfen nan ba na ranar ruwa ba ne? Ai ko gajimare babu."

"Gobe akwai ruwa, Inna. Na hawaye."

Inna ta ajiye dutsen guga. "Da wa za ku buga?"

"Da kulob ɗin Auta."

Inna ta san Auta.

Ga yadda abin yake. Akwai wani mai gyaran fanka da talabijin, abokansa na tsokanarsa da Injiniya. Ya so Katanga tun tana buga ƙwallo ba takalmi, ita ma ta so shi. Magana ta yi nisa, har an kai ɗinki wurin tela. Auta ƙanwarsa ce. Tana 'yar mitsitsiya Katanga ta koya mata tare ƙwallo da ƙirji a bayan shagon wanta.

Sai aka kira Katanga ƙungiyar ƙasa, aka nuna ta a talabijin. Washegari Umma, uwar Injiniya, ta zo gidan. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta tsallake ta, ta tsaya a tsaye.

"Macen da duniya ta gama kallon gwiwoyinta ba za ta haifa mini jikoki ba! Ɗana mace zai aura, ba ƙato ba!"

Injiniya ya yi roƙo har ya gaji. Umma ta ce in ya sake taka gidan, ba ta yafe masa nononta ba. Ya daina zuwa. Amma bai yi aure ba. Duk wadda aka nuna masa, sai ya ce aiki ya yi masa yawa.

Katanga ta tafi ƙasar waje. Ta buga wa wannan kulob, ta buga wa wancan, ta sha sanyi, ta sha kaɗaici. Ta zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasa, ta ɗaga kofi. Duk 'yar gaban da ta tare, fuskar Umma take gani. Da ta dawo gida ta shiga wani kulob, sai ta tarar da abin mamaki. Auta ta girma, ta zama 'yar gaba mai cin raga. Umma kuwa ta zama 'yar kallo, tana zama a layin gaba tana buga ƙirji tana cewa, "'Yata ce! Ni na haife ta!"

Wannan ya fi komai ƙona ran Katanga.

Ta ɗaure ƙusar ƙarshe, ta ce, "Gwiwarta ta hagu ba ta gama warkewa ba. Duk 'yan wasa sun sani. Taɓawa ɗaya ce, Inna. Iyaka a ba ni jan kati, in huta kwana biyu. Tsohuwar nan ta karya mini abin da nake so. Gobe ta ji in da daɗi!"

"Auta ce ta tsallake mini tabarma?"

"'Yarta ce!"

"Ke ma 'yata ce. Kin ga na je na fasa wa wani kai?"

"Inna, ke haƙuri ya zame miki ciwo."

"To. In kin yi, kar ki dawo mini da takalman nan gida." Ta ɗauki dutsen gugarta.

Da safe, a ƙofar da 'yan wasa ke shiga, ta ga mutum ya jingina da bango. Injiniya ne. Ya rame, furfura ta fara leƙo masa.

"Ranki ya daɗe, Kyaftin."

"Umma ta ba ka izinin gaishe ni?"

Ya dubi takalman da ke rataye a wuyanta, ya ga ƙarfen.

"Ganinki na zo yi. Shekarun nan duk a talabijin ɗin mutane nake ganinki. In an kawo gyara ranar wasanku, sai in ce bai gyaru ba, a dawo gobe."

"Maƙaryaci kuma matsoraci."

"Duka na karɓa. Amma ban sauya ba."

Ta wuce ba ta waiwaya ba.

Wasan ƙarshe ne na cin kofi. Fili ya cika. Aka yi ta fafatawa, ba wanda ya ci wani. Umma na layin gaba, muryarta ta fi ta kowa. Katanga na jin ta, tana cizon leɓe, tana jira.

Dab da tashi aka cillo wata doguwar ƙwallo. Auta ta fita da gudu, ba kowa a gabanta sai mai tsaron gida. Katanga ta bi ta. Koci ya taso har bakin layi yana ihu, "Kayar da ita! Kayar da ita!"

Ga gwiwar nan, naɗe da farin bandeji. Katanga ta zube, ta taho a ƙasa, ƙarfe a gaba.

Sai Auta ta ɗan koma da kafaɗunta baya, ta tare ƙwallon da ƙirji, ta sauke ta a hankali kamar ƙwai. Yadda aka koya mata a bayan shago, sak. Har ɗan harshen da take fitarwa tun tana yarinya.

Katanga ta lanƙwashe ƙafarta. Ƙusoshin suka tone ciyawa. Auta ta wuce, raga ta motsa.

Kofi ya tafi.

A ɗakin sauya kaya koci ya yi kamar zai haɗiye ta. "Kyaftin ɗin ƙasa guda! Kin buɗe mata ƙofa kamar maigadi! Ko kin tsufa ne ki faɗa mini!"

Ta yi kuka, amma ba na kofi ba. Haushin kanta take ji. Tana fitowa Auta ta tare ta, idonta ya kawo ruwa.

"Anti, na ji iskar takalminki a gwiwata."

"Matsa ki ba ni wuri!"

Ba a yi mako ba aka kira su su biyu sansanin ƙungiyar ƙasa. Ranar da Katanga ke haɗa kaya aka yi sallama. Umma ce, Injiniya na bayanta. Inna ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa. Wannan karon Umma ta zauna, can bakin tabarmar.

"Auta ta faɗa mini komai. Ta ce da kin so, da a hannu za a fito da ita. Ta ƙi cin abincina tun ranar." Ta sunkuyar da kai. "Na zo neman gafara. Kuma ga ta nan za ta bi ki, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Ki riƙe mini ita."

Katanga ta tsaya a kanta. Yau ce ranar da ta daɗe tana jira.

"Umma, ai Auta ma duniya na kallon gwiwoyinta. Ita wane ne zai aure ta?"

Hawaye suka zubo wa Umma, ba ta share ba.

"Faɗi, 'yata. Duk abin da kika faɗa, ni na saya da bakina."

Katanga ta tara maganganu na shekaru, ta jera su, ta wasa su kamar wuƙa. Ta buɗe baki, ta ga babu sauran wadda za ta fi wannan zaman na Umma ciwo.

"Ya isa," in ji Inna.

Katanga ta durƙusa. "Zan riƙe ta, Umma. Na yafe." Ta ɗago ta harari Injiniya. "Kai kuma da sauranka!"

"Ina nan, Kyaftin. Dama jira na iya."

A sansani kyaftin ce ke miƙa wa sabuwar 'yar wasa rigarta ta farko. Katanga ta miƙa wa Auta tata, ta ce, "In kika ɓarar mini da ƙwallo, sai na karya ɗayar gwiwar." Auta ta rungume ta tana dariya tana kuka.

Da suka dawo daga gasar da aka kira su dominta aka yi bikin Katanga da Injiniya. Umma ce ta fi kowa rawar kai, tana nuna amarya tana cewa, "Surukata ce! Kun gan ta a talabijin ai!" Ƙusoshin ƙarfen kuwa suna cikin gwangwanin Injiniya a shago, sun yi tsatsa.

Da ta taka gwiwar nan, da jan kati kawai ta samu, da baƙin cikin da ba ya ƙarewa. Ta janye ƙafa, ta rasa kofi, ta samu miji, wadda ta wulaƙanta ta kuma ta zo da ƙafarta ta zauna. In an cuce ku, yara, kar ku rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ku yi haƙuri ku bar mai laifi da kunyarsa. Ta fi ƙarfe huda.