Filin da Ke Cikin Gilashi

Ruwan sama ne ya koro Auta cikin shagon, ba don tana da niyyar shiga ba. Ta taso ke nan daga shagon tabarau inda take aiki, jakarta a ka, ta faɗa ƙofar farko da ta gani a buɗe. Sai da ta karkaɗe mayafinta ta ɗago kai, sannan ta ga inda ta shigo.

Tankunan gilashi ne jere har rufi, kifaye na kai da komo a ciki. Amma ba su suka ɗauke mata hankali ba. Can a kan kanta akwai wani ɗan tanki, tsawonsa bai fi kamu biyu ba, a cikinsa kuwa fili ne sosai, kore shar, ciyawa ta shimfiɗu kamar darduma, tana rausaya a hankali a ƙarƙashin ruwa. Kowane sili da 'yar ƙwayar kumfa a bakinsa, tana ƙyalli, can sai ta saki ta tashi sama.

"Numfashi take yi," in ji wata murya a bayanta.

Ta juya. Wani dogon saurayi ne, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, yana riƙe da dogon hantsaki, ruwa na ɗiga daga yatsunsa.

"Wannan filin na sayarwa ne?" ta tambaya.

"Fili ba a saye, ranki ya daɗe, shuka shi ake yi. Na wa za a yi?"

"Na Babana."

Babanta kuwa, bari ku ji, shekara talatin ya yi yana kula da ciyawar wani filin ƙwallo. Shi ne ban ruwa, shi ne yanka, shi ne cike gurbi. Da ƙafa ta fara ba shi wahala ya bar aiki, suka koma wani gida a hawa na huɗu, inda in ya leƙa taga ba abin da yake gani sai siminti da wayoyin lantarki. Tun daga nan ya rage magana. Auta ta daɗe tana neman abin da zai sa idonsa ya yi haske.

Ruwa ya ɗauke tuni, amma ba ta tafi ba. Mai Kifi, haka 'yan layin suke kiransa, ya zuba baƙar ƙasa a wani sabon tanki, ya jiƙa ta, ya raba ciyawa ƙanana-ƙanana, ya nuna mata yadda ake kama ta da hantsaki a cusa a ƙasa, tsakanin kowace da 'yar'uwarta faɗin ɗan yatsa.

"Yanzu sai mu cika ruwa?"

"A'a fa! Sati shida ba ruwa. Ki rufe bakin da leda, ki yi mata feshi safe da yamma kamar raɓa, ki kunna mata fitila awa takwas. Sai saiwa ta kama ƙasa sannan a cika. Sati takwas, in Allah ya yarda, ba za ki ga ƙasar nan ba."

"In na ganta fa?"

"Sai ki dawo ki yi mini faɗa." Ya yi murmushi. "Ni ma ba zan ƙi ki dawo ba."

Ta sunkuyar da kai, ta ce ya ba ta lambarsa saboda tambaya. Saboda tambaya kawai, in ji ta.

Aka ɗora tankin a kan teburin da ke kusa da kujerar Baba. Ya dube shi ta saman tabarau, ya ce, "Ikon Allah. Tankin kifi, ba kifi, ba ruwa. Auta, an cuce ki."

Tambayoyi kuwa ba su ƙare ba. Da safe ta rubuta wa Mai Kifi: "Na yi feshi. Ledar ta yi gumi, lafiya dai?"

Ya amsa: "Lafiya lau. Ki buɗe mata minti goma ta sha iska. Ke fa, 'Yar Raɓa, kin karya kuwa?"

"Wace ce kuma 'Yar Raɓa?"

"Wadda take sauka safe da yamma, komai ya yi kore."

Ranar nan ta goge tabarau ɗaya sau uku a wurin aiki, har mai shi ya ce, "'Yata, ai ya fita haka."

Irin wannan abu ba ya ɓuya a gida. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta fara ganewa, kuma ba ta ji daɗi ba, don ta riga ta yi wa Auta tanadin wani mai babban shagon kafet. Mutum ne kamili, ba laifi, sai dai ko gaisuwa yake yi sai ya dubi ƙasan ɗakin mutane ya auna da ido.

Da Mai Kifi ya zo gaida Baba, Baba ya bar shi ya gama gaisuwarsa tsaf, sannan ya ce, "Kai ne mai shuka ciyawa da hantsaki?"

"Ni ne, Baba."

"Da wannan wasan yaran za ka riƙe mini 'ya?"

"Sana'a ce, Baba. Da ita nake ci."

"To. Ni ban san kifi ba, amma na san ciyawa, na kuma san masu cika baki. Ka ce sati takwas za ta rufe ƙasa. In ta rufe, ka turo manyanka. In ba ta rufe ba, ka bar mini Auta, ƙanwata ta kawo nata. Kuma kada hannunka ya taɓa tankin nan."

Daga ranar, Auta ba ta ƙara kallon ciyawar nan a matsayin ciyawa ba. In ta tsuguna gaban gilashin, sai ta ga kamar ta ƙanƙance ta shiga ciki, tana tafiya ba takalmi a kan kore, Mai Kifi yana can ƙarshen filin da hannun riga a naɗe yana jiranta.

A sati na uku ta dawo daga aiki ta tarar da tankin cike fal da ruwa, rabin ciyawar na yawo a sama, saiwoyi a waje.

"Gwaggo! Wa ya yi wannan?"

"Ni ce. Yo ke ba ki da tausayi? Abu na ruwa kin bar shi da ƙishirwa sati uku! Bokiti ɗaya kawai na juye."

Wallahi Gwaggo ba da mugunta ta yi ba, sai dai abin ya yi mata daɗi daga baya. Auta ta kira Mai Kifi tana kuka, ya lallashe ta, ya ce tunda ruwa ya riga ya shiga a bar shi, ta tsince ta mayar ɗaya bayan ɗaya. Haka ta yi, har bayanta ya ƙage.

Kwana biyu sai ga saƙo daga Mai Kafet: ciyawar roba, an yanka ta daidai faɗin tankin, kore fiye da ta gaske. Gwaggo ta jingina ta da tebur. Washegari kuma ta bi ta shagon Mai Kifi ta ce masa, "Yaro, ka huta da wahala. An kawo mana ciyawar da ba ta mutuwa, yarinya ma ta karɓa."

Auta ba ta san an yi haka ba. Ita dai ta ga saƙonninta suna tafiya, amsa ba ta dawowa.

"Ciyawar tana ta yin tsawo amma ba ta yaɗuwa. Me zan yi?"

Shiru.

"Mai Kifi, laifin me na yi?"

Shiru. Kwana biyar.

Ciyawar kuwa ta miƙe zaƙo-zaƙo, siririya, tsibi nan tsibi can, baƙar ƙasa na leƙowa ta ko'ina. Auta ba ta yarda ko sili ɗaya ya faɗi. Tana ganin tsawon nan shi ne ɗan abin da ya rage mata.

Rana ta shida da la'asar ta shigo, ta tsaya cak. An aske ciyawar kaf, an bar gajerun kututture kamar kan da aka yi wa ƙwal. Ɗan almakashin gyaran gashin baki na Baba yana kan tebur a jiƙe. Hannun rigar Baba ma a jiƙe yake har kafaɗa.

"Baba," ta ce, "in ba ka son sa ai da ka faɗa mini kawai."

Baba ya juya yana kallon taga.

Ta shige ɗaki, ta ɗauki hoton da ta yi wa tankin ta tura wa Mai Kifi. "Ko ba za ka amsa ba, ga shi ka gani. An kashe mana ita."

Ko minti ɗaya ba a yi ba wayar ta yi ƙara.

"'Yar Raɓa, ashe ciyawarmu ce har yanzu a ciki? Ba ta roba ba?"

"Wace roba? Ko taɓa ta ban yi ba!"

"An ce mini kin karɓa. Ki yafe mini, na yi wauta, da tambayarki na yi. Amma tsaya, wa ya yi askin nan?"

"Baba."

Sai ya fashe da dariya. "Wannan hannun gwani ne! Dubi yadda ya daidaita ta. Abin da ya kamata in gaya miki ke nan tun kwana biyar, fushi ya hana ni. In aka bar ta, sama take tafiya. Sai an yanke kanta take miƙa ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa ta fito a gefe. Baba bai kashe ta ba, ceto ta ya yi."

Ta fito a hankali, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba.

"Idona ne ya kasa jurewa," in ji Baba, har yanzu yana kallon taga. "Ciyawa tana roƙon almakashi a gabana kwana da kwanaki. Ba don yaronki na yi ba."

"Na sani, Baba."

"Waccan ta robar kuma a kai ta bakin ƙofa a riƙa goge ƙafa. Irinta suka shimfiɗa a filina shekarar da na bar aiki. Ba ƙamshi, ba raɓa, ko fara ba ta sauka a kai."

Gwaggo ta buɗe baki, ta dubi fuskar yayanta, ta mayar ta rufe.

Bayan kwana goma sai ga 'yan tsirrai sababbi suna ɓullowa a jere, kamar an yi ɗinki da koren zare a kan baƙin yadi. Baba ya sa aka matso masa da tebur. Shi ke kunna fitila, shi ke kashewa, shi ke kwashe gansakuka da tsinke. Har ya fara aiken Auta: "Tambayi yaron nan, sau nawa ake canza ruwa?" Wata safiya ta ji shi yana yi wa ciyawar magana ƙasa-ƙasa, yadda yake yi mata tana ƙarama.

Ranar da sati takwas suka cika, filin ya rufe, kore shar, kumfa na tashi. Sai dai can a kusurwar baya, inda hasken fitila ba ya kaiwa sosai, akwai wani gurbi baƙi, faɗin babban yatsa.

Auta ta tare Mai Kifi a matakala, ta buɗe tafin hannunta. Wani ɗan farin dutse ne.

"In na ɗora shi a wurin ba wanda zai sani," ta raɗa masa.

Ya dubi dutsen, ya dube ta, ya naɗe mata yatsunta a kai. "Ni zan sani. Ke ma za ki sani."

"In ya ce a'a fa?"

"Sai in koma in yi ta roƙo har ya gaji da ni."

Suka shiga. Baba yana kujerarsa, Mama, mahaifiyar Auta, a gefe, Gwaggo ta harɗe hannu. Mai Kifi ya gaishe su, sannan ya nuna kusurwar da yatsa, bai taɓa gilashin ba.

"Baba, na ce sati takwas. Ba ta rufe ba. Ga gurbi nan."

Auta ta damƙe dutsen a hannunta. Baba ya gyara tabarau, ya sunkuya ya daɗe yana kallo, kamar ba shi ne ke duba wurin kullum ba.

"Nan ai gaban raga ne," ya ce.

"Na'am, Baba?"

"Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin filin da gaban ragarsa ya rufe ba. Duk wanda ya ce maka nasa ya rufe, to roba ce." Ya ɗago kai. "Tun jiya na ga wannan yarinyar tana juya dutse a hannu. Jira nake in ga ko zai shiga ruwa. Ka turo manyanka."

Mama ta ɗaga hannu tana hamdala. Gwaggo ta ce, "To, ni dai ai bokiti ɗaya na zuba," kowa ya kwashe da dariya, har ita.

Wata biyu bayan haka aka ɗaura aure. Da amarya za ta tafi, ta zo ɗaukar tankinta, Baba ya ɗora hannu a kai ya ce, "Ke dai je ki. Mijinki na da ɗari irinsa." Ango ya kawo masa 'yan kifaye shida masu jan wutsiya, ya sake su da kansa, karo na farko da aka bari hannunsa ya taɓa ruwan.

Baba ya kama hannayensu biyu ya haɗa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. Allah ya sa ku kama ƙasa kafin ruwa ya zo."

Suka ce amin. Auta na share hawaye, ta waiwaya daga bakin ƙofa. Baba ya riga ya naɗe hannun riga ya ɗauki almakashinsa, kifayen suna ta zagaya ɗan gurbin nan na kusurwa.