Allurar da Ba Ta Motsi

"Mama, direbanmu za ki kulle? Ai yana ba mu alawa."

Sufeto ta dubi hannun 'yarta da aka ɗaure da bandeji, ta ja tsaki. Injin motar makaranta ne ya fashe a kan hawa, motar ta gangara kwalbati cike da yara. Mai makaranta ya shigar da ƙara, ya ce bakanike ne ya ɓata aiki.

A gareji bakanike ya rantse.

"Ranki ya daɗe, na faɗa musu na'urar turbo tana cusa wa injin iska fiye da ƙima. Na ce a ajiye motar."

"Ta yaya ka sani?"

"Ga siririn tiyo nan, daga inda iska ke shiga injin zuwa agogon gaban direba. Iska ta matsa, allura ta ɗaga. Da idona na gan ta a kan ja, alamar haɗari."

Ta sa aka kawo direba.

"Wallahi allurar ba ta taɓa wuce rabi ba," in ji shi.

"Ka tabbata?"

"Kullum idona a kanta."

Sufeto ta ari famfon keke, ta cire tiyon daga injin, ta buga masa iska har hannunta ya gaji. Allura ko gezau. Ta yanka tiyon da reza, sai ga guntun alli a cushe.

"Allurar da ba ta motsi ce ta kai rabi? Malam, kada ka raina mini hankali! Direba kake ko malamin aji?"

Direba ya sunkuyar da kai. "Oga ne ya ce in faɗi haka."

A ofishinsa mai makaranta ya fara da tayin shayi.

"Riƙe shayinka. Wa ya cusa allin?"

"Haba 'yata, makon jarrabawa ne fa! Direban nan matsoraci ne, da ya ga ja sai ya taka birki, yara su makara. Na ce a rufe masa ido kawai."

"Ni ba 'yarka ba ce. Kofur, sa masa ankwa."

Aka fita da shi ta gaban iyaye, yana neman hularsa.

Ke da kike miƙa ɗanki a mota kowace safiya, leƙa gaban direba. Idan ya taka mai a kan hawa kika ga allurar nan kwance, sauke ɗanki. Gara ya makara.