Harawar Labaran Dami Arba'in

Da hantsi Barau, dogarin Sarkin Katsina, ya iso ƙofar mai garin Wagini, ya tarar an ɗaure wani Bafulatani a turke kamar akuya. Nan take ransa ya ɓaci, don ya tsani a yanke hukunci kafin bincike.

"Wane ne wannan?"

"Daudu ne, ɓarawo!" in ji Labaran, wani manomi mai kaifin baki. "Harawata dami arba'in ya sauke daga kan marke ya ba shanunsa. A kai shi gaban alƙali a yanke hannun!"

Daudu ya ɗago kumburarriyar fuska. "Wallahi ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

Barau ya sa Labaran ya kai shi gindin marken. Ƙasa fes, ko ɓurɓushin ganye babu. Ya ɗaga kai, sai ga sheƙar kurciya da ƙwai biyu, daidai inda aka ce an jibge harawar.

"Ƙarƙashin dami arba'in ta yi sheƙa?"

"Jiya ta yi," in ji Labaran, ko kunya babu.

A hanyarsu ta komawa Barau ya tsaya wurin Fanta, tsohuwa mai suyar fara. Kullum damina da sassafe take bin gonaki, ita ke fara sanar da manoma in ƙwari sun sauka.

"Inna, gonar wa ta fi ba ki fara bana?"

"Ta Labaran mana! Sau uku ina ce masa ya tashi tsaye tun suna ƙanana, ya ce in yi harkar gabana. Waken nan ko ganye ba su bar masa ba, sai tsinke."

Barau ya juyo yana huci, ya shaƙe wuyan rigar Labaran.

"Wake ba ganye, harawa daga ina? Faɗi, ko ka sha bulala!"

Labaran ya durƙushe. "Makiyayarsa nake so in nome. Gonata ta gaji. Na ce in aka kawar da shi..."

"Hannun mutum saboda fili? Allah wadaranka!"

Barau ya tasa ƙeyarsa zuwa Katsina. Aka kwance Daudu, mai gari yana ta ba shi haƙuri. Washegari Daudu ya kaɗa shanunsa ya yi yamma, danginsa suka bi shi.

Ranin nan babu saniyar da ta kwana a gonakin Wagini balle ta bar taki. Da damina ta zagayo, dawarsu ko ƙugun mutum ba ta kai ba.