Ƙoƙon da Baba Inoke Bai Sha Ba

Ranar da Unaisi ta fara ganin Sakiusa, kuka ta gama yi a banɗakin asibiti, ta fito ido jawur kamar an watsa mata barkono. Mahaifinta, Baba Inoke, yana zaune a ɗakin ɗibar jini, ya naɗe hannun riga yana harare-harare. Sakiusa, saurayin da ke riƙe da allura, ya duba sunan tsohon, ya gaishe shi da harshen Fiji.

"Baba, ashe ɗan gida ne! Wane tsibiri?"

"Ɗebi jininka ka bar tambaya," in ji tsohon.

Sakiusa ya yi dariya, ya ɗago kai, idonsa ya faɗa cikin na Unaisi. Ita kuwa, duk da halin da take ciki, sai da ta gyara gashinta.

Kansar mafitsara irin ta maza ce ta kama Baba Inoke har ta shiga ƙashi. Allurar da ke danne sinadarin mazakuta ta riƙe cutar shekaru, daga baya ta daina aiki. Abin da ya rage shi ne gwajin wani sabon magani a wannan asibiti na birnin Brisbane, likitar da ke duba shi ma ta ce ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ga sharaɗi mai tsauri: hantarsa ta riga ta gaji, in jini ya nuna ta ƙara taɓuwa, za a cire shi daga gwajin. Ba giya, ba sassaƙe, ba yangona. Yangona fa, jiƙon saiwar da mazan Fiji ba sa zama sai da ita! Tsohon ya bi doka, amma ya hana a gaya wa kowa. A coci cewa yake ciwon baya ne.

Zuwa asibiti ya zama na kowane mako, soyayya ta samu wurin zama. Saƙonni suka fara yawo.

"Furena, kin ci abinci kuwa? Na ga duk kin rame."

"Ban iya ci ba, Saki. Jiya na ji Baba yana nishi, yana toshe baki don kada in ji. Tsoro nake ji."

"Ina nan tare da ke. Ko me jini ya nuna, ba inda za ni."

Da maganar ta kai kunnen Baba Inoke, sai ya tashi kamar zai ci babu.

"Yaron da ya ga tsiraicina, ya san abin da ke cina, shi zai zama surukina? Ga ɗan fasto nan yana ta sintiri."

"Baba, ɗan fasto ko sannu bai taɓa yi maka ba."

"Don bai sani ba. Abin da nake so ke nan!"

Kawunan Sakiusa dai suka sa ranar zuwa neman aure, Asabar da rana. Za su zo da saiwar yangona a dama ta da ruwa, in uban yarinya ya karɓi ƙoƙon farko ya shanye, ya bayar da ita ke nan. Litinin kuma ranar ɗibar jini ce. Unaisi ta rasa inda za ta sa kanta.

"Masoyi, ka hana su kawo yangona. In ya sha, magani ya tafi. In bai sha ba, kai ka tafi."

"Ba a shiga gidan mutane hannu rabbana, Furena, zagi ne. Kuma aikina ya hana ni faɗa musu dalili."

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarmi a gareji, maza suka zauna suka tanƙwashe ƙafa. Unaisi tana leƙe daga ƙofar kicin, hawaye na zuba cikin rogon da take ɓarewa. Babban kawun Sakiusa ya gama jawabi, aka dama, aka ɗebo a ƙoƙon kwakwa aka durƙusa gaban tsohon.

Baba Inoke ya waiwaya ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana kallonta. Sai ya tafa hannu sau ɗaya, ya karɓi ƙoƙon. Wuƙa ta faɗi daga hannun Unaisi. Ta gane ya zaɓe ta, ya bar kansa.

Ango ba ya magana a irin wannan zama, ko tari sai ya haɗiye. Amma Sakiusa ya rarrafo kan tabarma, ya dafe bakin ƙoƙon da tafin hannunsa.

"Baba, kada ka sha."

"Kai, ka haukace ne?" Kawunsa ya daka masa tsawa. "Ka kwaso mu ka kunyata mu? Me ya sa?"

"Ba zan iya faɗa ba, Kawu. In auren ne ya lalace, na haƙura. Amma ba zai sha ba."

Baƙi suka fara neman takalmansu.

"Ku zauna," in ji Baba Inoke. Ya ajiye ƙoƙon a hankali. "Ba ciwon baya nake yi ba. Kansa ce, ta maza, ta kai ƙashi. Magani ɗaya ya rage mini, wannan ƙoƙon kuma zai iya raba ni da shi. Yaron nan ya sani tuntuni, bai taɓa gaya wa ko ku ba."

Tsohon ya miƙa wa ƙanensa Jolame ƙoƙon.

"Sha a madadina. Na ba yaron nan 'yata."

Jolame ya shanye yana hawaye, maza suka tafa sau uku.

Ba a ja lokaci ba, don ba wanda ya san abin da gobe za ta kawo. Baba Inoke yana nan cikin gwajin, likita ta ce cutar ta ɗan lafa, iyakar abin da ta ce ke nan. Ranar ɗaurin aure ya ƙi keken guragu, ya riƙe hannun Unaisi ya taka da ita har gaban fasto, yana tsayawa yana hutawa. Ya ɗora hannunta cikin na Sakiusa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya mai jinƙai," ya ce, sannan ya matso kusa da kunnen ango. "Ka riƙe ta kamar yadda ka riƙe ƙoƙon nan, ɗana."