Tseren Kawo Sabuwar Wuta

A zamanin da, a wani garin Girkawa da ke bakin Bahar Rum, an yi wani saurayi wanda ba a taɓa wuce shi a gudu ba. Al'adar garin ita ce, kowace shekara sai a kashe wutar kowane murhu, samari su yi tseren kawo sabuwa daga kan dutse, kowa riƙe da sanda mai ci da wuta. Wanda ya fara isowa wutarsa ba ta mutu ba, shi ake ɗora wa kambin ganyen zaitun.

Ranar tsere iskar teku ta taso. Saurayin ya zabura, sai ya ga harshen wutarsa ya kwanta. Ya rage gudu, ya tare iskar da tafin hannu.

Wani ya wuce shi yana cewa, "Yau ƙafar ta mutu ne?"

Ya ce, "Wutata na ci."

Wani ma ya wuce shi yana dariya. Saurayin ya sake cewa, "Wutata na ci."

Can mahaifinsa ya daka masa tsawa daga cikin 'yan kallo: "Kai, kada ka kunyata ni! Ruga mana!"

Ƙafafun saurayin suna ƙaiƙayin gudu. Ya cije leɓe ya ce, "Baba, wutata na ci."

Shi ne na ƙarshen isowa. Ya tarar da sauran a dandali suna haki, sandunansu sai hayaƙi. Gari ya ɗauki sowa, aka ɗora masa kambi, jama'a suka yi caa za su ɗebi wuta. Sai ga mahaifinsa yana kutsawa da kasko, yana cewa, "Ku ba ni hanya, wutar ɗana ce!"